Cinnaka a Cikin Ludayi

Jikata Nafisa ce ta tsokano wannan magana. Ta zo hutun lakwal, wato makarantar boko, daga Dogon Dutsi da ƙawayenta, suna zaune a gindin bishiyar bedin gidanmu suna ɓarar gyaɗa, sai na ji ɗaya tana tambayarta wace sana'a kakarta take yi. Nafisa ta ce, "Ungozoma ta. Amma yanzu ai sajfam, ungozomar boko, ke yin komi a likita, ita dai ruwan zahi take dahwawa." Suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. Yanzu na tofar, sai ku gyara zama, ke da ƙawayenki da duk wata mai ganin aikin nan wasa ne. Sunana Zali, amma daga ƙauyenmu har Dumega Inna Zali ake ce min, kuma da yawa cikin masu faɗin haka ni na riga uwayensu ganin fuskarsu.

A hannun Iya Gambi na koya, yayar babana. Ba ta bari na taka ɗakin haihuwa ba sai da na haifi nawa biyu, ko bayan nan ma shekaru na yi ban taɓa cikin kowa ba. Ni ce ɗauko itace, ni ce jan ruwa a rijiyar nan tamu da sai igiya ta kusa ƙarewa guga yake taɓa ruwa, ni ce wankin zannuwan jini can bayan gari inda ido ba ya kaiwa. Kullum da safe sai ta kama hannuna ta duba farce, in ta ga ya ɗan tofo ta make ni da muciya. Ranar da ta fara ce min in zauna bayan mai naƙuda in riƙe ta, matar ta damƙe min cinya har sai da na yi ta ɗingishi. Na je ina nuna wa Iya shatin yatsun, ina jiran ta ce sannu. Ta ce in na gama nuna cinya in je in duba wuta.

Kayan aikinta duka a cikin ƙaramar ƙwarya suke: ɓawon karan dawa da take fiƙewa ta yanke cibi, da zaren auduga, da man shanu, da tsingaron tukunya da take ɗumamawa ta gasa cibin jinjiri. Daga baya aka kira mu Dumega, mu tsofaffin ƙauyuka, wata sajfam ta zaunar da mu ta ba mu reza sabuwa da sabulu da safar hannu. Ta ce mu daina jira sai abu ya ɓaci, mu riƙa kawo mata mace tun naƙuda na tsaye. Ta ce kuma jinjiri na faɗowa a sa shi a nono, kada a zubar da dakashi, wato nonon farkon nan mai kauri da rawaya da mutanenmu ke ƙyama. Wasu tsofaffin suka yi fushi suka koma gida. Ni ban yi ba. Na ga matan da jini ya tafi da su ina riƙe da ƙwarya ba ni da abin yi, don haka wadda ta zo da allurar tsayar da jini ba abokiyar faɗana ba ce. Na jefar da ɓawon kara ban waiwaye shi ba.

Amma ku gaya min, sajfam ta karɓi haihuwa, ta duba ki, ta sallame ki, wa zai bi ki gida? Tana da wasu a layi suna murƙususu. Gida kuwa can ne ake kwana arba'in, can ne uwar miji take, da kaka, da maƙwabciya mai magani a bakin zane. Ruwan zafin da kuke wa dariya, da gwiwar hannu nake gwada shi, don na ga bayan mata da aka sale da tafasasshen ruwa wai ana gasa su. Ina fyaɗa ganyen sabara ina kallon ƙafa ko ta kumbura, ina jan fatar ido ko ta yi fari, ina shinshina zane ko warin jinin ya canza. Kunun kanwa ba na bari a tula masa kanwa kamar za a ba raƙumi, na sha faɗa da kakanni a kan wannan har muryata ta dushe. Matan ma'aikata na wanke, masu cewa in sa musu turare a ruwa. Matan makiyaya na wanke, waɗanda ko ciwo zai kashe su ba za su ce wash ba, sai dai ki karanta a goshinsu. Kowace da yadda ake bi da ita.

Akwai wani aikin da Iya Gambi ba ta nuna min ba sai da ta ga ƙarfinta ya fara ƙarewa. A wurinmu, in ana zargin nonon mace ba shi da kyau, sai a tatsa a ludayi a jefa cinnaka a ciki. In ya fita da ƙafarsa, nono lafiya lau. In ya mutu, an ce mugun nono ne, a raba jinjiri da uwarsa a koma ba shi na akuya ko na saniya. Ungozoma ce take riƙe ludayin. Iya ta ja ni bayan rumbu ta ce in buɗe ido. Ɗigo kaɗan take tatsa, ta ɗan karkata ludayin yadda ba mai lura, ta ajiye cinnakan a gefe-gefe inda ƙafarsa za ta taɓa busasshen wuri. Ta ce, "Cinnaka ba shi da wayon sanin nono, Zali. Ke ad da wayo. Duk ɗan da anka raba da uwa tai, rami ya kusa." Haka na yi ta yi shekara da shekaru, kuma a hannuna cinnaka bai taɓa mutuwa a nonon mace ba. In kun ce ha'inci ne, to ha'inci ne, ban tuba ba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana tsakiyar fitar da kai. Rumbuna suka bushe tun kafin sanyi ya wuce, maza suka watse bidar abinci, wasu Najeriya, wasu Kwatano. Gari ya rage daga mata sai tsofaffi, muna jiƙa 'ya'yan anza na daji muna zubar da ɗacin muna ci. A shekarar nan Ramatu ta yi cikinta na uku. Yarinya ce mai sanyi, matar ɗan Dije. Ita kuwa Dije sa'ata ce, tare muka yi tallan fura muna 'yan mata, na san halinta ta san nawa. Ramatu ta binne 'ya'ya maza biyu. Na farkon ya yi ƙiba har ya fara rarrafe, zazzaɓin damina ya ɗauke shi, Dije ta ce nono ne. Na biyun a garin iyayenta ta haife shi, Dije ta bi ta can ta sa wata tsohuwa ta gwada, cinnaka ya mutu, aka koma ba yaron nonon akuya da ruwa. Gudawa ta kama shi, bai daɗe ba. Wannan ma Dije ta ce ai Ramatu ce ta riƙa ba shi nono a ɓoye.

Da hantsi naƙudar ta taso. Na ɗora ta a amalanke muka tafi Dumega, kafin la'asar ta sauka lafiya, 'ya mace, ƙarama amma da murya. Sajfam ta ɗora ta a ƙirjin uwar, ta kama nono kamar ta san hanya. Washegari muka dawo, ni da mabiyiya a ƙwarya na rufe da faifai. Muna shiga gidan na ga baƙuwar akuya ɗaure a turke da ɗanta, hantsarta cike. Dije ta sayar da zannuwan aurenta ta saye ta, a shekarar da mutane ke cin anza. Da na ga akuyar nan na san abin da ke jiranmu.

Na binne mabiyiya a bayan ɗaki, na ɗora tukunya, na yi wa Ramatu wankan farko. Ina fitowa da ita na tarar mata sun cika tsakar gida, Dije na tsaye da ludayi a hannu. Na miƙa hannu in karɓa kamar yadda aka saba, ta janye.

Ta ce, "A'a, Zali. Na daɗe ina kallon hannunki. Yau ni ka riƙon luddai."

Na ce, "Dije, aikina na. Ke kin taɓa ganin an karɓe ma wanzami aska?"

Ta ce, "Jikokina biyu na cikin ƙasa. Ba ni ba da ta ukku."

Ta sa Ramatu ta durƙusa, ta tatsa da kanta har ludayin ya kusa rabi, dakashi ne mai kauri yana danƙo. Ta jefa cinnaka a tsakiya tsak. Ya yi ta wutsil-wutsil, ya yi ta juyi, can ya tsaya. Mata suka ɗauki salati. Ramatu ta ja zane ta rufe ƙirjinta, ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango, ko kallon jinjirar ba ta yi ba.

Raina ya ɓaci har ina jin kunnuwana suna zafi. Na ce a tatso min akuyar nan yanzu. Aka yi cirko-cirko, na kwance ta da kaina na tatsa a wani ludayin daidai yawan wancan, na kamo cinnaka a gindin danga na jefa a tsakiya, na riƙe a miƙe kowa na gani. Shi ma ya yi juyinsa ya gaji ya tsaya. Na zagaya da shi gaban kowace mace na ce, "To, ku duba. Ita ma akuyar mugun nono gare ta? Ku kawo ruwan rijiya ma in gwada muku." Wasu suka rufe baki da mayafi suna dariya. Na ɗauka magana ta ƙare. Dije ko gezau, ta ce dabba daban, mutum daban, haka ta taras ana yi tun kakanni, kuma ba ni ce zan sake shi ba. Ta ce in ɗauki ƙwaryata in bar mata gida.

A garinmu, wadda ta binne mabiyiya ta ɗora tukunyar wanka, ɗakin mai jego nata ne har a yi arba'in, ko maigida ba ya fitar da ita. Ban taɓa kafa hujja da wannan ba sai ran nan. Na ce, "Ni nib binne, ni niɗ ɗora tukunya. Ba ni hita. In kina so ki tai wurin maigari ki hwaɗa mishi."

Ta nuna ni da yatsa. "To ki ji da kyau. In ɗiyag ga ta bi 'yan uwanta, ke kinka kashe ta. Gari duka shaida na."

Na ce, "Na ji, na ɗauka."

Ta ce, "Kuma ran arba'in in kin naɗe tabarmarki, a gaban matan ga za ni sake gwadawa. In cinnaka ya mutu, ba ki da bakin magana."

Gaskiyarta ce, ikona ran nan yake ƙarewa. Na aika aka ɗauko min tabarmata da bargo, na shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin Ramatu daga ciki.

Kada ku ɗauka ban ji tsoro ba. Jinjirar nan ƙarama ce, shekarar ta yunwa ce, kuma yara suna mutuwa ko da nonon uwa ko babu. In ta yi atishawa sai in zabura in duba ta. Amma na san in aka sa mata ludayin akuya da ruwan randa a baki, ba za ta ga damina ba, wannan kam na sha gani.

Akuyar ba ta yi zaman banza ba. Kullum da safe ina riga Dije zuwa turke, in tatse ta tas, in tafasa, in tsaya a kan Ramatu sai ta shanye. Dije ta fito ta tarar hantsa ta yi laushi, ta yi ta zage-zage tana cewa ba don wannan ta rabu da zannuwanta ba. Na ce mata ai cikin jikarta zai shiga, hanya ce kawai ta ɗan yi nisa. Hatsin kunu babu, sai ɗan tsakin da nake tarawa daga gidana in dama mata. Matar wani makiyayi da na taɓa yi wa wanka ta ji labari, takan aiko da ƙwaryar kindirmo in shanunsu sun ɗan samu. Itace kuwa ba namijin da zai saro, ni nake fita in sassaro sabara in tsinto busasshen kashin shanu in hura. Ga jan ruwan tukunya safe da yamma. Tun shekarar nan bayana bai sake miƙewa daidai ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan ita Ramatun kanta. Sai na ɗauki yarinyar na sa mata a nono take bari, kuma fuskarta a gefe, hannunta a sake kamar an ɗora mata kayan wani. Abinci sai na yi da gaske. Magana babu. Matan gidan suka fara cewa doguwa ce ta shafe ta a hanyar Dumega, a kira masu bori. Na ce ban hana kowa abin da ya yarda da shi ba, amma a bari ta ci ta ƙoshi tukuna. Na san irin wannan shirun, na gan shi wurin masu jego da yawa, kuma ganye ba ya maganinsa. Sai na daina yi mata faɗa. Ina gama wanka in zauna in ɗora kanta a cinyata in riƙa tsefe mata gashi, ina ba ta labarin banza, wa ya yi faɗa da wa a bakin rijiya, jakin wa ya ɓalle. Ana nan wata rana da azahar, ina cikin tsifa, na ji muryarta can ƙasa.

"Inna Zali, in ni ta hwa?"

"Ke ce mi?"

"In ni nik kashe su. Duk sadda tak kama nono sai in ji kamar guba nika ba ta."

Na ajiye matsefi na juyo da fuskarta. Na ce, "Dube ni. Na hwarin, nonon wa yash sha?" Ta ce nata. Na ce, "Wa ka iya ɗaukar shi da hannu guda don ƙiba? Zazzaɓin da yaɗ ɗauke shi, gida nawa yash shiga daminar nan? Su ma duk nononki sunka sha?" Na ce, "Na biyun kuwa, kin ba shi a ɓoye kamar yadda aka hwaɗi?" Ta girgiza kai, ta ce ko sau ɗaya, tana ji yana kuka nono na zuba a zane, ta ji tsoro ba ta ba shi ba. Na ce, "To wanda yash sha ya yi rarrahe, wanda anka hana bai yi ba. Ke yi lissahin da kanki."

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da tun binne na farkon ba a bar ta ta yi ba, don an ce mata haƙuri ake yi. Ban ce ta yi shiru ba, na bar ta ta yi har ta gaji. Ni ma na yi nawa, ban ɓoye ba. Da yamma ta ce min tana jin yunwa.

A waje kuwa gari ya juya min baya. Aka yi haihuwa a gidaje biyu ba a kira ni ba, aka ɗauko wata tsohuwa daga tungar gabas. In na iso bakin rijiya sai hira ta mutu. Matan da na wanke su na wanke 'ya'yansu suna cewa Zali ta tsufa ta fara taurin kai, ta zauna tana ɗura wa jinjira ajalinta. Wannan ya ci min rai ƙwarai, har yau in na tuna da wasu fuskokin sai in ji ɗaci. Amma ban bi kowa gida in yi bayani ba.

Bayan bikin suna da 'yan kwanaki nonon Ramatu na hagu ya kumbura ya yi jawur, zazzaɓi ya rufe ta tana karkarwa. Dije ta ce to ga shi nan, mugun abin ne ya fito fili. Na fita ɗebo ruwa na dawo na same ta a ɗakin ta tallafe jinjirar, da ludayi a bakinta. Na fizge ludayin na watsar a ƙasa. Muka tsaya muna kallon juna, tsofaffi biyu. Idanunta cike da hawaye. A nan na gane ba ƙiyayya ce take ɗawainiya da ita ba, tsoro ne irin nawa, ita dai ta wata hanyar ta bi da shi. Amma tausayi bai sa na ba ta yarinyar ba. Na nemo amalanke na kwashe uwa da 'ya sai Dumega. Sajfam ta duba ta ce nono ne ya taru ya toshe, ta ba da magani, ta ce a riƙa gasawa da ruwan ɗumi, kuma kada a kuskura a daina ba yarinyar, tsotson ne zai buɗe shi. Muka dawo na gaya wa Dije. Ta ce yarinyar likita ba ta san nonon gidan nan ba.

Kumburin ya saɓe, zazzaɓi ya sauka. Yarinya ta fara cika, wuyanta ya yi guru, kumatu suka fito. Ramatu ta fara ɗaukarta da kanta, har na ji tana yi mata 'yar waƙa in ta ɗauka ba na kusa. Amma ni hankalina bai kwanta ba, don kwanakina suna ƙarewa. Ƙibar yarinya ba za ta sa Dije ta sauko ba, tunda na farkon ma ya yi ƙiba. Ludayi kuma ba zai dawo hannuna ba. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba, sai dai na tanadi maganganu masu zafi da zan zazzage mata, ina sane da cewa in na gama faɗa dole in fita in bar su.

Ran arba'in na yi mata wankan ƙarshe da sassafe, na kife tukunya. Aka yi mata kitso, ta sa kwalli, ta ɗaura zane mai kyau. Na naɗe tabarmata na jingine a bakin ƙofa. Kafin rana ta yi zafi mata sun cika gidan, har da waɗanda suka daina gaishe ni. Ramatu na zaune a kan kujera 'yar tsugune a inuwar ɗaki, yarinyar tana kan nono. Sunan Dije aka raɗa mata, uban ne ya aiko da haka daga Kwatano, don haka Ramatu ba ta iya kiran sunan. Dije ta fito da ludayi a hannu ɗaya, kwalin ashana da cinnaka a ciki a ɗaya hannun.

Ta ce, "Ramatu, aje ta ki taho."

Na buɗe baki zan fara, sai na ga Ramatu ba ta motsa ba. Ramatun nan tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta ce wa uwar mijinta komai ba in ba "to" ba, ko ido ba ta haɗawa da ita. Ran nan ma ba ta ɗaga kai ba, amma kowa ya ji ta.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba ni da nonon ba cinnaka. Wanga na takwararki na."

Ba abin da ake ji sai haɗiyar yarinyar, ƙut, ƙut. Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Na haɗiye maganganuna duka.

Dije ta matso ta tsaya a kansu. Ta daɗe tana kallon jikarta. Sannan ta yi magana.

"In ta mutu hwa?"

Ramatu ta gyara wa yarinyar kai a hannunta, ta ce, "In Allah ya karɓe ta, ya karɓe ta da cikinta cike, a hannuna. Ba ni sake jin kukan yunwa ina da nono."

Dije ta buɗe kwalin ashanar ta kaɗe cinnakan a ƙasa, ta shige ɗakinta ta saki asabari. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki tabarmata da ƙwaryata na tafi gida, na kwanta na yi barcin da rabona da shi tun ranar da muka dawo daga Dumega bayan haihuwar.

Yarinyar ta sha nonon uwarta har ta yi ƙafa tana gudu aka yaye ta. Gari ya dawo yana kirana sannu a hankali, ba wadda ta ce min yi haƙuri, ni ma ban nema ba. Dije kuwa ba ta sake amsa gaisuwata ba. Tana goye da takwararta tana yawo da ita gida-gida, tana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa Zali ce ta lalata mata suruka, ta koya mata baki. Har ta rasu tana faɗin haka, ni kuma ban taɓa musawa ba.